Girkin Zagayowar Ranar Aure: Asalinsa Da Yadda Ake Shirya Shi A Gida

Girkin zagayowar ranar aure abinci ne na musamman da ma'aurata kan keɓe wa kansu a ranar da aurensu ya cika shekara. Ba walima ba ce. Ba a gayya, ba a hayar rumfa, kuma galibi uwargida ce ke ɗora tukunyar da hannunta, maigida ya ɗauki nauyin cefane.

Ƙirga shekarun aure al'ada ce baƙuwa. A ƙasashen Jamusawa aka fara danganta shekara 25 da azurfa, shekara 50 da zinariya, kuma tun 1917 fadar sarautar Ingila ke aika saƙon taya murna ga waɗanda suka cika shekara 60 tare. Ta shigo mana ta hannun 'yan boko da fina-finai, sannan Facebook da WhatsApp suka yayata ta. Malamai sun saɓa a kanta: wasu na ganin kwaikwayo ne da ya kamata a bari, wasu na ɗaukar ta al'ada da ba ta shafi ibada ba muddin babu almubazzaranci.

Girkin kansa kuwa ɗan gida ne. Ango kan shiga ɗakin amarya da gasasshiyar kaza, wadda ake kira kazar amarci. Bayan kwanakin amarci, bakwai ga budurwa, uku ga bazawara, amarya ta kama girki, kuma tukunyarta ta farko dangin miji kan daɗe suna zancenta. Ga kuma kwanon maigida, wanda ake tsame wa tsoka mafi kyau. Wanda ya lura zai ga ranar ce kawai sabuwa.

A ƙasar Kazaure, Roni da Gwiwa, da Babura inda Kanya Babba take, dab da iyakar Nijar, kusan duk abin da wannan girki ke bukata yana fitowa daga gona ko bayan ɗaki: gyaɗa, riɗi, kabewa, yakuwa, kaji da zabi. Jigawa na sahun gaba a noman riɗi da zoɓorodo a Nijeriya. Don haka abin mamaki ne a ga ma'aikaci ɗan yankin, yana zaune a Kano ko Dutse, ya kwashe rabin albashi a kan daskararriyar kaza da lemon kwalba, alhali ɗan saƙo zuwa gida ya isa a aiko masa da zabuwa a mota.

Kafin a je ga murhu, akwai batun ranar. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Auren da aka ɗaura a Sha'aban, kamar yadda ake yawan yi gabanin azumi, zai riƙa zagayowa wani lokaci a damina, wani lokaci a hunturu, idan da watan Musulunci ake lissafi. Ya kamata ma'aurata su tsayar da ɗaya, domin yanayi ne ke yanke abin da za a samu a kasuwa. Kabewa tana araha da kaka, tumatir da tattasai da rani.

Batu na biyu ya fi nauyi. A gidan da mata suka wuce ɗaya, ranar na iya faɗawa a girkin abokiyar zama. Kwana haƙƙinta ne, ba a karɓe shi sai da yardarta. Mafi sauƙi shi ne a jinkirta zuwa ranar girkin mai abin, kuma maigida ya san cewa abin da ya yi wa wannan, waccan ma tana da tata ranar. Gidaje da yawa sun yi tsami a kan abin da bai kai wannan ba.

Abincin da ya fi dacewa shi ne funkaso da miyar taushe, domin ba kullum ake cin sa ba, kuma bai fi ƙarfin aljihu ba. Ga mutum biyu, gwangwanin madara uku na garin alkama ya wadatar. A kwaɓa shi da ruwa mai ɗumi, ƙaramin cokali ɗaya na yis da ɗan gishiri, ya yi ruwa-ruwa amma da danƙo, sannan a buga shi sosai. Bugun nan shi ne sirrin funkaso. Ƙullin da bai bugu ba yakan sha mai ya yi nauyi. A rufe a ajiye a wuri mai ɗumi kamar awa ɗaya, da hunturu kuwa ya kan kai biyu. A jiƙa hannu da ruwa, a ɗebo, a huda tsakiya, a saka a man da ya yi zafi. Suyar ita ce aikin ƙarshe, don funkaso ba ya son jira.

Miyar ita ke cin lokaci. Kazar gida ko zabuwa tana bukatar fiye da awa ɗaya a wuta kafin ta yi laushi, saboda haka da ita ake farawa, da albasa, citta, tafarnuwa da daddawa. A cikin romon ake dafa kabewa har ta narke, a farfasa ta, a zuba jajjagen tattasai da attarugu wanda aka riga aka soya. Daga nan sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa, rabin gwangwani, a rage wuta a riƙa juyawa, domin gyaɗa saurin kamu gare ta, kuma ƙaurinta ba ya ɓoyuwa. Alayyafo da ɗan ganyen yakuwa su ne na ƙarshe, minti biyar sun ishe su. Yakuwar ce ke karya zaƙin kabewa, amma idan ta yi yawa ta ƙwace miyar gaba ɗaya.

Abin sha, zoɓo: a tafasa shi tun da safe da citta da kanumfari, a tace, a sa sukari daidai. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, randa tana sanyaya shi yadda ya kamata.

Rabon maigida bai tsaya a kuɗin cefane ba. Ya dawo gida da wuri, ya yanka kazar, in ya iya ya fige ta. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa aikin gida. Yara kuma a sallame su da nasu kason tun da magariba, a shimfiɗa wa mutum biyu bayan isha'i, kwano ɗaya, wayoyi a ɗaka.