Tarihin Sakatar Bindiga Mai Rola, daga Jamus har Kaduna

Tun sa'ad da maƙeran Turai suka bar ɗura bindiga ta baki suka koma ɗura ta ta gindi, mas'ala guda ce ta sha musu kai, watau yadda za a tsare gindin bututu lokacin da albarushi ya kama, domin ƙarfin da ke ingiza harsashi gaba shi ne kuma ke tunkuɗo kwanso baya, in kuwa ƙofar ta buɗe kafin wutar ta lafa, kwanson zai fashe ne a fuskar mai harbi. Saboda haka wajibi ne ƙarfen da ke toshe ƙofar, wato sakata, ya riƙe ƙam na muddar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, sa'an nan ya saki don kwanso ya fita, wani harsashin ya shiga.

Hikimar rola larurar yaƙi ce ta haife ta. Bindigar Jamusawa mai ruwan harsashi, MG 34, tana cin ƙarfe da lokaci da ƙwararrun maƙera, har hukumar soja ta nemi wadda za a ƙera da arha. Wanda ya yi rinjaye kuwa kamfanin Grossfuss ne na garin Döbeln, alhali sana'arsa buga falankin ƙarfe ce, ba ƙirar makamai ba, kuma injiniyansa Werner Gruner shi ya tsara MG 42 wadda ta shiga hannun soja a 1942. A kan sakatarta akwai 'yan mulmulallun ƙarafa biyu, dama da hagu, su ne rola, a bayansu kuma akwai wani ƙarfe mai tsini da ke kutsawa tsakaninsu ya watsa su cikin gurabun da aka sassaƙa a gindin bututu. Idan aka harba, sai bututu da sakata su ja baya tare, a ɗaure, har su iske wata gangara da ke mayar da rolar ciki, sa'an nan su rabu. Da yake abin da ke mirginawa bai kai mai gurzawa tirjiya ba, bindigar takan zubar da harsashi wajen 1,200 a minti guda.

Mataki na biyu, wanda ya fi ban mamaki, daga aibi ya fito. A ma'aikatar Mauser ta Oberndorf, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin hisabi mai suna Karl Maier ya lura cewa a wata bindigar gwaji sakata takan yi tsalle da baya, rolar ba ta gama zama a gurbinta ba. Maimakon a nemi maganin illar kawai, sai aka mayar da ita ƙa'ida. Aka kafe bututu, aka karkata tsinin da gurabun da gangan, ta yadda rolar ba ta kulle ƙofa sarai, jinkirta buɗewarta kaɗai take yi. Kwanso na danna kan sakata, rolar na matsowa ciki, suna fitar da tsinin da ke tsakaninsu tamkar ƙwallon mangwaro a tsakanin yatsu biyu, shi kuwa tsinin a haɗe yake da wani ƙarfe mai nauyi, wanda dole ya yi gudu ninki huɗu na gudun kan sakatar, kamar yadda aka auna a bindigar G3 daga baya. Kafin a tayar da wannan nauyi, harsashi ya riga ya fice. Kuma don kada kwanso ya manne ya tsinke, aka tsattsaga siraran layuka a ɗakin harsashi, inda hayaƙi ke bi ya sassauta shi.

Wannan bindiga, StG 45, yaƙi ya ƙare a 1945 ba ta yaɗu ba, amma ilmin bai mutu ba. Ludwig Vorgrimler, ɗaya daga injiniyoyin Mauser, ya yi aiki a Mulhouse ta Faransa, a 1950 kuma ya koma Sifen, inda cibiyar CETME ta kammala ƙirar. Da kamfanin FN na Beljiyam ya hana Jamus ta Yamma izinin ƙera bindigarsa FAL, sai ta juya ga ta Sifen, ta karɓe ta a 1959 da sunan G3, ƙirar Heckler & Koch, kamfanin da ya fito da bindigar MP5 a 1966 bisa wannan usuli. An ƙera G3 da izini a Pakistan da Iran da Turkiyya da Fotugal, haka nan a ma'aikatar makamai ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

G3 ba ta rasa naƙasu ba: ɗana ta sai da ƙarfi, tana dukan kafaɗa, tana tara toka, kuma ba ta jure sauyin albarushi, shi ya sa a 1997 sojan Jamus suka koma G36 mai aiki da hayaƙi. Duk da haka darasinta ga ɗalibin sana'a tabbatacce ne, cewa maƙerin da ya tsaya ya binciki sababin aibi, ya auna shi da hisabi, yakan sami ilmin da mai gaggawar gyara ba ya samu. Sauran hisabin kuwa yana wuyan wanda aka damƙa wa makamin amana.