Malfar Inna da malfar Jaji: zare a kan matan Gobir

1/ Jama'a, ku ara min kunnuwanku. Kwanan baya a gidanmu na Kurawa ƙanwata ta ce in ta gama sakandare tana son karatun ungozoma, a ɗan jinkirta mata aure. Wani yayanmu ya ce, "To fa, wagga ta zama feminist." Aka bushe da dariya, ban da ita. Saboda ita nake wannan zare.

2/ Yanzu duk macen da ta buɗe baki ta nemi wani abu, sai a ce feminist ce, 'yar koren Turawa. Wallahi ni ma na daɗe ina faɗar haka. Tarihin ƙasarmu ta Gobir ne ya sa na ja birki.

3/ Kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, yana nan a yankinmu na Sabon Birni. A fadar akwai sarautar Inna. 'Yar gidan sarauta ake naɗawa. Ita ce shugabar mata da 'yan bori, tana da gidanta da mutanenta, maganarta na da nauyi a gaban Sarki. Alamarta malfa ce, hular da aka san maza da ita. Sarautar ta rayu har a Sabon Birni da Tsibirin Gobir a Nijar.

4/ Na san abin da wani zai ce: "Ai wannan bori ne, shi Shehu ya zo kawarwa." Madalla, ba musu. To mu tsallaka ɓangaren Shehun mu gani.

5/ An yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. A littafinsa Nurul Albab, Shehu Usmanu ya soki malaman da ke tara ɗalibai a waje suna karantarwa, sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A wurinsa wannan laifin maza ne.

6/ 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa 'Yan Taru. Dattijuwa da ake kira jaji ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka, su tako zuwa wurinta, su koyi karatu cikin waƙa, su koma su koyar da matan aure a gidajensu. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

7/ Ga inda na fi so ku lura. Da me Nana ke naɗa jaji? Da malfa, a ɗaura mata jan ƙyalle. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru a Sakkwato tana bin tarihin Nana, ta nuna cewa malfar Inna ce aka ɗauko. An ture borin, an bar wa mace jagoranci a kanta. Ɓangarori biyu da suka zubar da jinin juna, kowanne ya yarda mace ta shugabanci mata a fili.

8/ Kada a ce na yi son zuciya. Nana ba ta san kalmar feminist ba, ba ta kuma nemi irin daidaiton da ake magana a Turai ba. Zamaninta akwai bauta, matan Gobir da yawa ma a matsayin ganimar yaƙi suka shiga daular. Sarautar Inna kuma ba ta hana a zalunci matar talaka ba. Abin da nake cewa kawai: neman ilimi da faɗa-a-ji ga mace ba Bature ya kawo mana ba.

9/ Ko a baya-bayan nan, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a NEPU tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe. Ba su samu ba sai 1976. Yau wane ɗan siyasa ne ba ya layi a ƙofar gidajen mata lokacin kamfe?

10/ Don haka a daina yanke hukunci da suna, a duba abin da ake nema. Karatu ne? Gadonta da aka danne? A tambaye ta kafin a ɗaura mata aure? Duk addini ya riga kowa ba ta. In kuma abin ya saɓa wa shari'a, a kawo hujja a ƙi shi. Lakabi ba hujja ba ne.

11/ Kun san halin da hanyoyin Isa da Sabon Birni ke ciki. Naƙuda ta kama mace da dare, ba mai iya fita da ita. In an kai asibiti, mu ne masu cewa namiji ba zai duba matarmu ba. To wa zai duba ta, in mun yi wa mai son karatun ungozoma dariya?

12/ Yaya, na san za ka karanta. Ba raini ba ne, a yi haƙuri a bar yarinyar nan ta yi karatunta. Wanda kuma kakarsa ta taɓa zama jaji ko 'yar taru, don Allah ya ba mu labarinta a ƙasa.