Sule 15 da Sule 8: Yadda Alamar + Ta Ɓuya a Yaren Ada

Yau tarihin 'yar alamar nan ta tarawa zan kawo muku, wato +.

Kafin 1 ga Janairun 1973, ranar da naira da kobo suka shigo, da fam da sule da kwabo ake ciniki a kasuwannin Kaduna. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ka tambayi tsohon ɗan kasuwa sule 15 da sule 8 nawa ke nan, nan take zai ce fam ɗaya da sule uku. Kwamfuta kuwa 23 za ta ba ka, ita ina ruwanta da fam? Dole mai rubuta manhaja ya ƙirƙiri nasa nau'in lamba, ya koya wa + yadda ake tara irin wannan kuɗi.

Yaren Ada ya ba da wannan dama tun dokokinsa na 1983. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta sa aka ƙera shi, Bafaranshe Jean Ichbiah ya jagoranci aikin. Amma fa akwai tarko. A ce ka ajiye nau'in naka cikin ƙunshi mai suna Kudi. Da zarar ka fita waje ka rubuta A + B, manhajar ba za ta haɗu ba, wai ba a ga alamar ba. Alhali tana nan, ɓoye ta aka yi! Sai dai ka rubuta Kudi."+"(A, B), abu ba kyan gani, ko ka sa kalmar use, wadda ke zazzago maka duk sunayen da ke cikin ƙunshin, har su yi karo da na wani. A manhajar jirgin sama, inda kuskure ke iya cin rai, masu aiki da yawa sun ƙi use ɗin, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Sai a Ada na 1995 aka kawo use type. Ka rubuta use type Kudi.Fam, alamomin lissafi kaɗai su bayyana, sauran sunaye su zauna inda suke.

Abin dariya, a shekarar ce Java ya fito, shi kuma ya hana koya wa + komai. Shi ya sa har gobe masu manhajar banki a Java ke rubuta a.add(b).

Sai mun haɗu a shiri na gaba.