Asalin Ƙasar Ningi: Yadda Malaman Tsakuwa Suka Hau Dutse

Idan mutum ya tashi daga Dagumawa, ko Utai, ko wani gari na ƙasar Wudil, ya kama titin da ya bi ta Takai da Birnin Kudu ya nufi Bauchi, ba zai daɗe ba zai ga ƙasa ta sauya kama. Shimfiɗaɗɗun gonakin Kano za su ƙare, baƙaƙen duwatsu su fara tasowa dama da hagu. Waɗannan su ne duwatsun Ningi. A cikinsu aka yi wata ƙasa mai cin gashin kanta, wadda ta shafe sama da shekara hamsin ba ta bin Sakkwato, alhali kuwa ƙasashen Sarkin Musulmi sun kewaye ta ta kowace fuska. Ga yadda abin ya samo asali.

Duwatsun nan ba irin Dala da Goron Dutse ba ne, waɗanda yaro kan hau ya sauko kafin a kira azahar. Jeri ne mai nisa, wani na bin wani, ga kogwanni, ga matsattsun hanyoyi da mutum biyu ba sa jerawa a ciki. A tsakaninsu kuwa kurmi ne da sarƙaƙƙiya, da ƙoramu masu gangarawa Kogin Bunga, wanda idan ya yi gabas ake kiransa Kogin Jama'are. Kano tana arewa da wurin, Bauchi tana kudu, Zazzau tana yamma. Kowane sarki a cikin ukun yana ganin dajin bakin iyakarsa ne, amma ba wanda ya taɓa riƙe shi sosai, domin ƙarfin sarakunan Hausa a kan doki yake, doki kuwa ba ya hawa dutse.

Mutanen da suka fara zama a nan ƙabilu ne daban-daban. Akwai Butawa a wajen Burra, akwai Warjawa, akwai Pa'awa waɗanda Hausawa ke ce wa Afawa, akwai Sirawa da Kudawa. Kowace ƙabila da harshenta da dutsenta da abin bautarta. Ba su da sarki guda da ya haɗa su. Dattawan gida su ne ke yanke magana, mai tsafi kuma shi ke faɗin ranar shuka da ranar farauta da lokacin da za a kai samari daji a yi musu kaciya. Suna noma dawa da gero a gindin dutse, amma rumbunansu suna can sama, inda baƙo ba zai kai ba. Makaminsu baka da kibiya mai dafi. Ba son wahala ya sa suka zauna haka ba. Tun zamanin Sarkin Kano Yaji, a ƙarni na 14, tarihin Kano ya ambaci kai yaƙi Warji, kuma tun daga nan masu neman bayi ba su ɗauke musu ƙafa ba. Da aka yi jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, Yakubu ya kafa Bauchi, sai aka ɗora wa wasunsu gandu, suna biya ba da son ransu ba.

To, a can ƙasar Kano kuma wata wuta ce ke ci a ƙarƙashin ƙasa, wato maganar haraji. Shehu da kansa, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan Haɓe a kan kuɗaɗen da suke karɓa waɗanda shari'a ba ta san da su ba. Amma da mulki ya zauna, masu sarauta suka yawaita, dawaki da dakaru suna bukatar ci, sai harajin ya komo. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa, kowace rijiyar rini kuma wuri 700. Idan kaka ta yi, jakadan hakimi ya sauka a zauren dagaci, a shimfiɗa tabarma, a zube kuɗin wuri, masu ƙirga su durƙusa suna jan su biyar-biyar da yatsa, suna tarawa ɗari-ɗari. Bayan abin sarki, jakada ma sai an sallame shi, dokinsa kuma sai an ba shi dawa.

A garin Tsakuwa, cikin ƙasar Dawakin Kudu, maƙwabciyar Wudil, akwai wani malami ana kiransa Malam Hamza. Yana da almajirai, kuma wasu malamai suna jin maganarsa. Shi a ganinsa abin da ke kan Musulmi zakka ce, duk abin da ya wuce ta kuwa zalunci ne. Da aka zo karɓar kuɗin ƙasa, shi da mutanensa suka ce ba za su ba da ko wuri ɗaya ba, har masu ba da labari suna cewa jakadun da aka aiko sai da suka sha duka. Malam ya san wanda ya taɓa jakada ya taɓa wanda ya aiko shi. Saboda haka bai jira dawakin birni ba. Wajen 1846, shekarar da Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya rasu ɗansa Usman ya hau, Malam Hamza ya kwashi iyalinsa da almajiransa da littattafansa, suka yi kudu maso gabas, ba su tsaya ba sai cikin duwatsu.

Yaya aka yi baƙo Bahaushe, Musulmi, ya sami kan mutanen da suka daɗe suna gudun Hausawa? Labarin baka ya ce abubuwan al'ajabi ya nuna musu. Wai yakan zaro harshensa ya naɗa shi a ka kamar rawani. Wai ya taɓa soya tururuwa a gabansu, ya yi addu'a, suka tashi suka ci gaba da tafiya, ya ce musu haka zai yi wa duk wanda aka kashe a yaƙi. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, mutanen dutse sun yarda layarsa da rubutun shansa suna maganin ƙarfe, wanda ya yarda da haka kuwa ba ya ja da baya a fagen fama.

Amma akwai abin da ya fi laya aiki. Malam Hamza ba Babuce ba ne, ba Bawarje ba ne, don haka idan ƙabila biyu suka yi rikici, kowa yana iya zama gabansa ba tare da jin an fifita wani ba. Ya san yadda sarakuna ke shirya yaƙi, ya san lokacin da suke fita da hanyoyin da suke bi. Yana rubuta wasiƙa, yana karanta wadda aka kamo. Sannan abin da ya kore shi daga gida shi ne abin da ke damun masu masaukinsa: shi kuɗin ƙasa, su gandu. Mutanen dutse suna da mafaka da mayaƙa, ba su da mai haɗa su. Malamai suna da dabarar haɗa jama'a, ba su da wurin tsayawa. Da biyun nan suka gamu, sai aka daina kai wa Bauchi gandu. Wannan shi ne mafarin ƙasar Ningi.

Malam Hamza bai daɗe ba, ya rasu a yaƙi da mutanen Bauchi bayan 'yan shekaru. Aka zaci abin zai watse, bai watse ba. Malam Ahmadu ya riƙe jama'a, bayansa kuma aka yi Abubakar Ɗan Maje, wanda a hannunsa gudun hijira ya zama mulki. Daga nan jama'ar ƙasar ta kasu hawa-hawa.

A can sama akwai gidajen malaman da suka zo daga Kano da zuriyarsu. A cikinsu ake fitar da shugaba, su ke limanci da alƙalanci da rubuta wasiƙa, su kuma ke da dawaki. Ƙasa da su akwai manyan mayaƙa, waɗanda takobinsu ya ba su girma ba haihuwa ba. A cikin waɗannan ana samun Hausawa da Fulanin da suka gudo daga ƙasashensu, wani laifi ya koro shi, wani bashi, wani kuma sarauta ya nema ya rasa. Har mabiyan Malam Ibrahim, waɗanda ake kira Isawa, da aka kashe malaminsu a Kano zamanin Sarki Abdullahi, wasunsu nan suka fake.

Sai kuma shugabannin ƙabilun dutse. Su ba a taɓa musu tsafinsu ba, ba a hana su giyarsu ba, ba a kuma tilasta musu salla ba. Abin da ake nema wurinsu shi ne idan an buga gangar yaƙi su kawo 'yan baka, idan an yi girbi su aiko da hatsi. Ƙarƙashinsu akwai talakawa manoma da maƙera da maharba, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, su ne kuma ke cika rundunar. Can ƙasa kuwa sai bayi, wato mutanen da aka kamo a hari. Wasu a sa su noma, mata a kai su gidajen manya, wasu danginsu su fanshe su, saura kuma a sayar a sayi dawaki da makamai. Ka ga mutanen da tsoron bauta ya hau da su dutse, ga shi su ma sun koma kama bayi.

Waɗanda suka fi ɗanɗana wannan kuwa mutanen kudancin Kano ne. Da rani ya yi, koguna suka janye, sai Ningawa su sauko cikin dare, su faɗa wa ƙauye da asuba, kafin labari ya kai wurin hakimi sun kora mutane da shanu sun shige daji. Idan mahaya suka bi sawu, sai a ja su cikin matsattsi, kibau su yi ta sauka daga sama. Ƙasashen Rano da Tudun Wada da Birnin Kudu, da na Sumaila da Takai waɗanda ke hannun Joɓawa, gidan Makaman Kano mai riƙe da Wudil, duk suna bakin wannan wuta. Garuruwa suka ja ganuwa, ƙananan ƙauyuka suka yi kafi da itace da ƙaya. Manomi yana huɗa bakansa na jingine a gindin bishiya, an kuma aza yaro a kan reshe yana duban kudu.

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fita da kansa yaƙin duwatsun nan, ya ƙarfafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka. Sarkin Bauchi Ibrahim, ɗan Yakubu, shi ma haka ya yi ta fama, garin Kafin Madaki yana cikin wuraren da aka tsare hanya da su. Sukan ƙone gari, su kwashe hatsin da suka tarar, amma da sun juya baya sai mutane su sauko daga kogwanni su sake gini. Zamanin Haruna Ƙarami, wanda ya gaji Ɗan Maje, harin Ningi ya kai har kusa da ganuwar Zariya, kuma kasa tare shi yana cikin abin da ya jawo aka tuɓe Sarkin Zazzau Sambo a 1888.

Sai dai ƙasar da ta saba ci daga hari, zaman lafiya yana yi mata wuya. Gajigi, wanda ya biyo bayan Haruna, ya nemi a yi amana da sarakunan da ke kewaye. Mayaƙa suka ga idan an yi haka hanyar cinsu ta toshe, sarautarsa ba ta yi nisa ba aka kawar da shi, Ɗan Yaya ya hau. Shi ne sarkin ƙarshe da ya mulki Ningi ba kowa a bisansa. A 1902, shekarar da Turawan Ingila suka ci Bauchi, suka shigo duwatsun da bindigogi, waɗanda ba ruwansu da tsawon dutse ko dafin kibiya. A nan mulkin Ɗan Yaya ya ƙare, ransa ma ya tafi a cikin wannan rikici. A farkon 1903 Kano ita ma ta faɗa hannun Turawan.

Turawa ba su mayar da Ningi ƙarƙashin Sarkin Bauchi ba, sun bar ta da sarautarta a cikin Lardin Bauchi. Da hari ya mutu, zaman kan dutse ya rasa amfani. Sannu a hankali mutane suka sauko fili, kusa da gona da rijiya da kasuwa, garin Ningi kansa aka sauko da shi. Musulunci ya bazu cikin ƙabilun da dā ba a matsa musu ba, wasu kuma suka shiga Kiristanci. Hausa ta zama harshen kowa, har Butanci ya ɓace daga bakin jikokin masu shi, ko da yake Warjawa suna nan riƙe da nasu. Yau Ningi masarauta ce mai daraja ta ɗaya a Jihar Bauchi. Alhaji Yunusa Muhammad Ɗanyaya ya riƙe ta daga 1978 har ya rasu a 2024, ɗansa Haruna ya gaje shi.

Abin lura a wannan labari shi ne, ƙin biyan haraji ya fitar da Malam Hamza daga Tsakuwa, amma jama'ar da ya tara ba ta tsaya da ƙafarta ba sai da ta yi sarki da fadawa da talakawa da bayi, ta kuma karɓi hatsi daga hannun manoma. Da Turawa suka zo, magadansa su ne suka riƙa aika mutane ƙauye-ƙauye suna tara haraji da jangali ana kaiwa baitulmali. Dutse ya tsare Ningawa daga dawakin Kano da na Bauchi, amma bai hana su gina irin mulkin da iyayensu suka guda ba.