Tarihin Birkin Mota: Daga Ƙafar Direba Zuwa Na'ura

Tun ina yaro nakan ji kawuna, wanda ya tsufa a tuƙi, yana cewa in mota ta hau santsi kada a danne birki, sai dai a riƙa taka-saki. Dalilinsa kuwa shi ne, in taya ta cije ta daina juyawa, to sitiyari ba shi da sauran amfani. Da na bi diddigin al'amarin, sai na tarar wannan dabara ce Turawa suka ɗora wa na'ura.

A jiragen sama aka fara. A shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya ƙera wani birki mai suna Maxaret, don hana tayoyin jirgi cijewa wajen sauka. A 1978 kuma Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fito da birki mai aiki da lantarki, wato ABS. Shi wannan yakan auna gudun tayoyi, da ya ga wata za ta cije sai ya sassauta mata, ya sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

Amma saura matsalar motar da kan juya da mai ita a kwana. A 1995 kamfanonin nan biyu suka kawo ESP, na'urar da ke gwada inda direba ya nufa da inda motar ta dosa. In suka saɓa, sai ta kama birkin taya ɗaya tak, motar ta dawo hanya. Da farko sai motocin attajirai ake sa wa.

Ana nan sai a 1997 'yan jarida a Suwidin suka gwada sabuwar ƙaramar Marsandi, A-Class, gwajin kauce wa dabba a guje, ta kife. Don wanke wannan abin kunya kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya sa wa kowace ɗaya ESP. Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin sauran kamfanoni ma sun bi sahu, har Tarayyar Turai ta wajabta na'urar a kan sababbin motoci a 2014.

To, jama'a, wasu daga cikin motocinmu daga can suke zuwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne, in fitilar ABS ta kunnu, sai wani ya sa makanike ya kashe fitilar, cutar kuwa tana nan. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, amin.