Gidan Zu da Yawon Sallah: Tarihin Shan Iskar Jasawa

Jama'a, tun zamanin haƙar kuza Turawa suka mai da Jos wurin hutu, domin garin yana bisa tudu na kimanin mita 1,200, ga sanyi mai daɗi. Su suna Hill Station suna shan iska, iyayenmu kuwa suna kasuwa ko filin kuza. In ka ji hutu a wurinsu, to Sallah ce ta zo.

A 1952 Bature Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi, a 1957 aka buɗe gidan zu a gefensa. Nan fa talaka ya samu inda zai kai iyali. Washegarin Sallah sai ka ga yara daga Gangare, Dilimi da Unguwar Rogo, kowa da sabon ɗinki da kuɗin barka da Sallah, sun nufi kallon biri da kura. Daga baya aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya a harabar, dattijo ya nuna wa jika ginin kakanninsa. A 1972 kuma Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa gandun namun daji.

A wuraren nan ɗan Bahaushe ke cuɗanya da ɗan Birom, Anaguta da Afizere, a ci gyaɗa tare. Rikicin 2001 ya raba unguwanni, gidaje da yawa suka daina fita. Alhali yaron da bai san Jos ba sai layinsu, shi da kansa zai ɗauki kansa baƙo. Zumunta a ƙafa take, 'yan'uwa, mu riƙa fita da iyali.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya, amin.