Yadda Shafin Intanet Ya Yi Wa Wayar Talaka Nauyi

A ƙarshen daminar bara, 'yar yayata ta same ni a gida a Kafin Hausa bayan sallar isha'i, riƙe da wayarta ƙirar itel. Rajistar neman tallafin karatu take son yi a shafin wata hukuma, kuma ƙarfe sha biyun daren nan za a rufe. Ta ce, "Kawu, tun la'asar nake fama, farin allo kawai yake nuna mini." Na karɓa na gwada. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, wayar ta ɗau zafi, data tana zurarewa, fom bai fito ba. Muka ɗora laifin a kan sabis, kamar yadda kowa ke yi, muka nufi shagon wani mai kwamfuta a bakin titi. Datarsa ta ƙare, saboda haka ya jona kwamfutarsa da sabis ɗin wayar yarinyar. Nan take shafin ya buɗe.

Layi ɗaya, sabis ɗaya, dare ɗaya, amma kwamfuta ta buɗe abin da waya ta kasa. Ashe ba sabis ne kaɗai mai laifi ba. An gina shafin ne ta yadda sai na'ura mai ƙarfi za ta iya ɗaukarsa. Wannan salon gini yana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi, domin rajistar makaranta, neman aiki da hulɗa da banki duk sun koma ta wannan ƙofa.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe shafin farko a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba a 1991, shafi takarda ce kawai: rubutu da mahaɗai. Babbar kwamfutar da ke ajiye da shi, wadda ake kira saba, ita ke shirya komai ta aiko a kammale, burauza kuma ta nuna. A 1995 Brendan Eich na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro harshen JavaScript, wanda ya ba shafi damar yin 'yan ayyuka da kansa a cikin na'urar mai karatu, kamar duba ko an cike gurbin suna kafin a aika fom. Shekaru kusan goma aikinsa bai wuce irin wannan ba. Sai Gmail ya fito a 2004, taswirar Google ta biyo baya a 2005, suka nuna wa duniya cewa shafi zai iya aiki kamar cikakkiyar manhaja, yana sabunta kansa ba tare da an sake buɗe shi ba.

A daidai wannan zamani ne wayar salula ke shigowa ƙasarmu. Econet da MTN sun fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, Glo ta biyo su a 2003. Jigawa ma ta yi yunƙurinta da wuri: gwamnatin Saminu Turaki ta kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse da makarantar koyon kwamfuta a Kazaure a farkon shekarun 2000. Amma intanet ɗin da ya iso hannun matashin Kafin Hausa, Bulangu ko Auyo bai biyo ta ofis ba. A cikin 'yar Nokia mai madannai ya zo, ta hanyar Opera Mini.

Dabarar Opera Mini, wadda wani kamfanin ƙasar Nowe ya yaɗa a duniya a farkon 2006, ta cancanci a tuna da ita. Idan ka nemi shafi, sabobin kamfanin ne ke ɗauko shi, su sarrafa shi, su matse shi, sannan su aiko wa wayarka ɗan abin da ya rage. Kamfanin ya ce matsewar tana iya kaiwa kashi 90 cikin ɗari. Aikin wahala yana can wurin mai ƙarfi, mai ƙaramar waya kuma ya karɓi sakamako. Haka 2go ta Afirka ta Kudu ta mamaye hirar matasanmu wajen 2011, domin da ɗan canjin kati mutum zai kwana yana hira. Da yawa daga cikin tsararrakina da waɗannan biyun muka fara karanta labarai da sakamakon ƙwallo.

Yayin da muke wannan, masu gina shafuka a Amurka da Turai sun fuskanci wata matsala tasu. Manhajojin burauza sun girma, rubutun JavaScript ya zama tsibi, gyara wuri ɗaya yana ɓata wani. Maganin da suka samo shi ne firamwok: ginshiƙai da tubala da aka riga aka ƙera, mai gini ya ɗora nasa a kai maimakon ya faro daga tushe. Google ta fitar da AngularJS a 2010. Facebook ta saki React ga jama'a a 2013. Evan You ya fitar da Vue a 2014. Amfaninsu a fili yake. Ma'aikata da yawa suna iya haɗuwa a kan aiki ɗaya ba tare da sun taka ƙafar juna ba, tubalin da aka ƙera sau ɗaya a yi ta amfani da shi, kuma wanda ya koyi React a Kano zai iya yi wa kamfanin Landan aiki daga ɗakinsa.

Sai dai salon da ya zo tare da su ya juyar da dabarar Opera Mini. Maimakon saba ta aiko da shafi a kammale, sai ta aiko da kwano babu komai a ciki, tare da umarnin a sauko da tarin JavaScript. Waya ce za ta sauko da shi, ta karanta shi, ta fassara shi, ta gudanar da shi, sannan ta sake komawa ta roƙo bayanan da za ta zuba a kwanon. Kafin duk wannan ya kammala, farin allo ne a gaban mutum. Idan fayil ɗaya ya katse a hanya, sau da yawa babu abin da zai fito ko kaɗan, alhali tsohon shafi ko rabinsa ne ya iso ana iya karantawa.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Hoto da JavaScript masu nauyi ɗaya ba wahala ɗaya suke ba waya ba. Hoto da ya sauka, an kusa gamawa. JavaScript kuwa saukarsa ce farkon aiki, kuma a kan layi ɗaya ƙwaƙwalwar wayar ke gudanar da shi da kuma amsa taɓawar yatsa. Shi ya sa za ka ga maɓalli ya fito, ka danna, ya yi shiru. Wayar mai tsada takan gama wannan aiki kafin a ankara, mai araha kuwa takan ninka lokacin sau da yawa, ta yi zafi, ta sha batir. A garin da ake biyan kuɗi a shagon caji, batir ma kuɗi ne.

Manyan kamfanonin sun ga illar da wuri. Twitter ta mayar da haɗa shafinta cikin burauza a 2010, amma a 2012 ta dawo da aikin kan saba, ta kuma bayyana cewa lokacin buɗe shafi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar na da. A shekarar ce Mark Zuckerberg ya amsa a bainar jama'a cewa dogaro da fasahar burauza wajen gina manhajar Facebook ta waya babban kuskure ne. A 2015 kamfanin ya fitar da Facebook Lite, wadda ba ta kai megabait ɗaya ba, kuma sabobi ne ke yi mata yawancin aiki, wato dai tsohuwar dabarar Opera Mini. Duk da haka shafuka suka ci gaba da ƙiba. A 2016 ƙididdigar HTTP Archive ta nuna matsakaicin shafi ya haura megabait biyu.

Kada a ɗauka firamwok ɗin ne mugu. Twitter Lite da ta fito a 2017 da React aka gina ta, kuma an yi ta ne musamman don masu raunin sabis. Abin da ya bambanta ta shi ne an yanka lodin ƙanana, ana aiko da abin da ake buƙata yanzu, saura ya jira. A shekarar ne kuma Netflix ta cire React daga ɓangaren burauza na shafinta na shiga, ta bar shi yana aiki a saba, ta ce lokacin jira ya ragu da rabi. A 2020 Google ta fito da ma'aunai na saurin shafi, daga baya ta sa su cikin abubuwan da take dubawa wajen jera sakamakon bincike, kuma a ƙarshen shekarar masu React suka gabatar da tsarin da ke mayar da wani ɓangare na aikin kan saba. A 2022 shafin gwamnatin Birtaniya ya cire jQuery, wani tsohon kayan aiki mai nauyin kilobait talatin da 'yan kai, domin ma'aikatansa sun auna sun ga masu tsofaffin wayoyi ne ke ɗaukar nauyin. Ƙasa mai arziki ke nan take ƙirga kilobait saboda talakanta.

Mu a nan, komai ya koma intanet a daidai shekarun da shafuka suka fi nauyi. An kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sule Lamido, ga dubban ɗalibai da rajistarsu da sakamakonsu ke bi ta shafi. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, manomin shinkafa a fadamar Hadejia da mai kifi a kasuwa sun wayi gari cinikinsu ya rataya a kan waya, kuma mutane sun riƙe duk manhajar da ta fi saurin amsawa, ko suka koma lambobin da ake dannawa ba tare da data ba. A watan Mayun 2024 aka buɗe shafin neman bashin karatu na NELFUND. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Kowane megabait da mai gini ya bari a shafinsa don sauƙin aikinsa, wani ne zai biya shi daga aljihunsa.

Mutanen bakin kogin Hadejia sun san cewa ba a yi wa kwale-kwale lodi da lissafin babban jirgi. Mai gina shafi yakan gwada aikinsa a kwamfutarsa mai ƙarfi, a ofis mai sabis mai kyau a Abuja ko Legas, ya ga komai lafiya, ya miƙa. Hukumar da ta ba shi kwangila ita ma a irin wannan ofis za ta duba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai babu wanda ya riƙe wayar da yawancin masu cike fom ɗin za su riƙe.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Fom na rajista, jerin sunaye, sanarwar ambaliya, duk abubuwa ne da saba za ta iya aikowa a kammale kamar yadda ake yi tun 1991, a ƙara JavaScript kaɗan inda ya zama dole. Wanda aikinsa ke buƙatar React ko Vue ya yi amfani da su, amma ya sa wa kansa iyakar nauyi, ya tabbatar fom yana ajiye abin da aka rubuta idan sabis ya yanke. Hukumar da za ta karɓi aiki kuma ta rubuta a cikin sharuɗɗan kwangila cewa za a gwada shi a waya mafi araha da ake sayarwa a kasuwar Hadejia, a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, kafin a biya kuɗi. Ɗaliban kwamfuta na Kafin Hausa, Dutse da Kazaure sun fi kowa cancantar riƙe wannan ma'auni, domin wayar tana aljihunsu, ƙauyen kuma nasu ne.

'Yar yayata ta samu ta aika fom ɗinta saura minti arba'in a rufe, bayan mun biya mai shago ladan aikinsa. Ƙawarta da ke wani ƙauye a hanyar Bulangu, inda babu shagon kwamfuta, ta kira ta washegari tana tambaya ko an ƙara wa'adi. Ba a ƙara ba.